Tafiya Hutu da Iyali Bakin Teku: Darasi Daga Birnin Susa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore teku ga 'yan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a zamanin nan an sami magidanta da dama daga cikin ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda sukan ɗebi iyalinsu su tafi wata ƙasa shan iska idan makarantu suka yi dogon hutu. Lokacin da damina ta yi tsaka a ƙasar Hausa, watau Yuli da Agusta, a lokacin ne ƙasashen gaɓar Bahar Rum suke cikin zafinsu, ba ruwan sama, rana takan daɗe ba ta faɗi ba, jama'a kuwa su yi ta kwarara zuwa bakin teku. Tambayar da akan yi ita ce, shin irin wannan tafiya ta halatta ga Musulmi? In ta halatta, yaya zai shirya ta har ya komo da addininsa da na iyalinsa ba tare da tawaya ba? Darasin wannan mako zai ba da amsa da misalin birnin Susa na ƙasar Tunisiya, domin gari ne mai bakin teku wanda baƙi suke rububinsa, ga shi kuma da tarihin da ya shafi kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya.

Asalin hukunci

Tafiya tana ɗaukar hukuncin abin da aka yi ta dominsa. Ta Hajjin farko wajibi ce ga mai iko, ta sada zumunci abar so ce, ta fatauci halal ce, ta aikata saɓo kuwa haramun ce. Tafiya don hutar da jiki da faranta wa iyali rai tana cikin halal, muddin ba a zubar da farilla ko aka kutsa cikin haram ba. Idan aka haɗa ta da niyyar duban halittar Allah da lura da labarin mutanen da suka gabata, kamar yadda Alƙur'ani ya yi umurni a Suratul Ankabut aya ta 20 da Suratur Rum aya ta 42, to, ana fatan lada a cikinta.

Niyya a nan ba ƙaramin abu ba ce, don kuwa tana taɓa har adadin raka'o'in salla. A cikin Mukhtasar na Shehu Halilu an nuna cewa sunnar ƙasaru ta matafiyin da bai yi tafiyarsa don saɓo ko don wargi zalla ba ce. Saboda haka maigida ya fara tambayar zuciyarsa abin da zai kai shi, tun bai nemi takardun tafiya ba.

Abin da ya kamata a gama tun a gida

Na farko shi ne kuɗi. Ba a cin bashi don a je shan iska, ba a kuma taɓa kuɗin makarantar yara ko na cefanen waɗanda za a bari a gida. Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27 sun yi kakkausan gargaɗi ga masu almubazzaranci. Wanda ake binsa bashi, kuma lokacin biya zai cika yana can, malaman Malikiyya sun ba mai bashin ikon hana shi tafiya, sai fa in ya wakilta wanda zai biya ko ya kawo mai lamuni. Haka nan wanda bai sauke faralin Hajji ba alhali abin da ya tara zai iya kai shi Makka, ya san cewa malamai sun yi saɓani ko Hajji wajibi ne na gaggawa ko mai jinkiri, amma babu mai tabbacin zai ga baɗi. Gabatar da farilla shi ne mafi aminci.

Na biyu shi ne adalci tsakanin mata. Ya tabbata daga Nana A'ishatu, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Mashahurin zance a mazhaba ya ba miji zaɓin wadda zai tafi da ita in ba tafiyar Hajji ko yaƙi ba ce. Duk da haka, mai mata biyu ko uku wanda ba zai iya ɗibarsu duka ba, ƙuri'a ko karɓa-karɓa ta fi kawar masa da zargi. Gidaje nawa ne hutun mako guda ya jawo musu gaba ta shekara guda.

Na uku shi ne masauki. Tunisiya ƙasar Musulmi ce, amma manyan otal-otal na bakin teku an gina su ne don baƙin Turai, ana sayar da giya a cikinsu, ana kiɗa har tsakar dare. Kama gidan haya kusa da masallaci ya fi dacewa da mai iyali, ko da zai ɗan yi tattaki kafin ya kai ga ruwa. A ƙidaya ɗakuna tun kafin a biya, domin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umurni da raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma, tafiya kuwa ba ta ɗauke wannan.

Garin da za a sauka

Susa tana gabashin Tunisiya, kimanin kilomita 140 kudu da birnin Tunis. Tsohon gari ne tun zamanin Finiƙiyawa da Rumawa, amma ganuwa da manyan gine-ginen da ake gani a tsohon birnin na zamanin sarakunan Banu Aglab ne, waɗanda suka mulki ƙasar a ƙarni na uku na Hijira. A shekarar 1988 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Abin da ya fi cancanta a nuna wa yara shi ne ribaɗi. Gini ne mai kusurwa huɗu, da tsakar gida, da ƙananan ɗakuna a kewaye, da masallaci a bene, da doguwar hasumiya wadda aka kammala a shekara ta 206 Hijira, daidai da 821 Miladiyya, a zamanin Sarki Ziyadatullahi na Farko. Mazaunansa, watau murabiɗai, mutane ne da suka bar gidajensu suka zo gadin gaɓar teku don kada jiragen Rumawa su faɗa wa Musulmi ba zato. Da rana karatu, da dare salla, kullum kuma akwai mai tsaro a kan hasumiya idonsa na kan ruwa. Kusa da ribaɗin akwai babban masallacin gari wanda aka gina a 851, kuma shi masallacin ba shi da hasumiya irin wadda aka saba gani.

Daga wannan gaɓa ce Alƙali Asadu ɗan Furatu ya tashi da rundunar jiragen ruwa zuwa tsibirin Siƙiliyya a shekara ta 212 Hijira, watau 827, yana dattijo ya kusa shekara saba'in. Shi ne wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina, ya je Iraƙi, sa'an nan ya zauna da Ibnul Ƙasim a Masar ya tattara mas'alolin da aka sa wa suna Asadiyya. Waɗannan mas'aloli ne Imamu Sahnunu ya koma da su wurin Ibnul Ƙasim aka tace su, suka zama Mudawwana, uwar littattafan mazhaba. Asadu bai komo ba, ya rasu a Siƙiliyya a 828. A Susa kuma aka binne Yahaya ɗan Umar, almajirin Sahnunu, mai littafin Ahkamus Suƙ a kan hukunce-hukuncen kasuwa.

Kilomita 60 ko ƙasa da haka yamma da Susa ga birnin Ƙairawan, wanda Uƙbatu ɗan Nafi'u ya kafa a shekara ta 50 Hijira, watau 670. Can Sahnunu ya rasu a 240 Hijira, can kuma Ibnu Abi Zaidin ya rayu har ya rasu a 386 Hijira. Shi ne mai Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya da Damagaram. Yaron da ya ga garin da marubucin ya zauna, ba zai sake ɗaukar littafin da wasa ba. Sai dai a yi sammako, gama zafin Ƙairawan a wannan lokaci yakan wuce digiri 40. A kuma sani cewa maganar da wasu masu yi wa baƙi jagora suke yi, wai ziyarar Ƙairawan sau bakwai daidai take da Hajji guda, ba ta da tushe a shari'a. Ladabin ziyarar kabari shi ne sallama, da yi wa mamaci addu'a, da tuna lahira.

Salla a halin tafiya

Nisan da ake ƙasaru a cikinsa buridi huɗu ne, watau mil 48, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da ɗoriya. Matafiyi zai fara mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu daga sa'ad da ya wuce gidajen garinsu. Asuba da Magariba ba a rage su. Amma da zarar ya isa inda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko tsawon salla ashirin, sai ya cika. To, iyalin da suka kama gida a Susa na mako guda ko biyu, hukuncin mazauna ya hau kansu tun ranar isowa, Jumma'a kuma ta wajaba a kan mazansu tare da mutanen gari. Idan suka je Ƙairawan suka juyo, ko suka leƙa Munastir mai nisan kimanin kilomita 20 don ganin ribaɗinta da aka kafa a 796, ba za su yi ƙasaru ba, domin nisan bai kai ba. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su yi ta raka'a bibbiyu har su dawo gida.

Agogon Tunisiya daidai yake da na Nijeriya da Nijar, amma lokutan salla sun bambanta ƙwarai. A farkon Yuli alfijir yakan keto a Susa kafin ƙarfe uku da rabi na dare, rana kuwa ba ta faɗuwa sai bayan bakwai da rabi. Wanda ya yi hira har ƙarfe ɗaya ya shirya wa kansa makarar Asuba. Alƙibla ma ta sauya: mutumin Kano yana fuskantar gabas mai karkata arewa, mutumin Susa kuwa gabas mai karkata kudu.

A bakin ruwa

Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alwala da ruwan teku, ya bayyana cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Saboda haka gishirin teku ba ya hana alwala ko wankan tsarki, mai lafiya kuma ba ya taimama da rairayi alhali ga ruwa a gabansa. Kifi da ƙaguwa da jatan lande da sauran dabbobin ruwa duk halal ne a mazhabar Malikiyya, ko da mutum bai saba cinsu ba.

Al'aura ba ta canzawa don an zo bakin teku. Ta namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ta mace a gaban wanda ba muharraminta ba kuwa dukkan jiki ne ban da fuska da tafukan hannu. A lura cewa tufa mai shara-shara idan ta jiƙe takan manne ta siffanta jiki. Umurnin runtse ido na Suratun Nur aya ta 30 da ta 31 ya haɗa maza da mata. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a fita bayan sallar Asuba, lokacin da wurin bai cika ba kuma rana ba ta yi zafi ba, a komo da hantsi.

Tsare rai wajibi ne. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko rafi bai san teku ba, gama teku tana da igiya mai jan mutum zuwa ciki ko da samanta ya yi lumui. A yi wanka inda akwai masu ceto, in an kafa jar tuta kada kowa ya shiga. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, ya ɗaga hannu a gan shi. Babba guda ya zauna a waje idonsa na kan yara, ba ya waya, ba ya hira.

Wajibi ne kuma a faɗa wa matasa gaskiyar abin da ya faru ranar Jumma'a 26 ga Yuni 2015, cikin watan Ramalana, sa'ad da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 38 a bakin tekun Kantawi, arewa da Susa, dukkansu baƙi. Baƙon da ya shiga ƙasar Musulmi da izini yana cikin amana, jininsa da dukiyarsa haramun ne, hadisin Buhari kuwa ya yi wa mai kashe wanda aka ba amana alkawarin nisanta daga ƙanshin Aljanna. Shigar da baƙo ya yi ba ta halatta jininsa. Aikin Musulmi shi ne ya tsare idonsa da iyalinsa, ya bar hukunci ga hukuma.

Kammalawa

Murabiɗan Susa sun zauna a bakin wannan teku shekara da shekaru, suna jin daɗin iskarta, suna cin kifinta, ba su bar hasumiya ba mai tsaro ba. Allah Ya ɗora wa kowane maigida irin wannan gadi a Suratut Tahrim aya ta 6, inda Ya umurci muminai su tsare kansu da iyalinsu daga wuta, hadisi kuma ya nuna cewa za a tambayi kowane mai kiwo abin da aka ba shi kiwo. Wanda ya biya bashinsa, ya yi adalci a gidansa, ya zaɓi masauki na mutunci, ya tsai da salla a kan lokaci, to, ya tafi ya huta, babu laifi a kansa. Wanda kuwa ya ga ba zai iya tsare waɗannan ba, zamansa a gida ya fi masa alheri.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya shirya zuriyar Musulmi. Allah ne Mafi sani.