Darasi na Goma Sha Biyu: Bincike Mai Ma'ana

Gabatarwa

Sau da yawa idan malami ya ba da jingar bincike, ɗalibi yakan ɗauki waya ya shiga intanet, ya kwafo abin da ya tarar, ya miƙa wa malami. Mai yiwuwa ne ya sami maki. Amma bayan mako guda, da wuya ya tuna ko da jimla ɗaya daga cikin abin da ya rubuta. Ya ɓata lokacinsa, Hausarsa kuma ba ta ƙaru ba. A wannan darasi za ku koyi yadda ake yin binciken da zai ba ku sha'awa, ya kuma amfane ku. Ba sai kun je Kano ko Katsina ba. Abin da kuke nema yana nan cikin garinku.

Mene ne bincike?

Bincike shi ne neman amsar wata tambaya ta hanyar da aka tsara. Mai bincike yakan karanta littattafai, ya tambayi mutane, ya duba da idonsa, sa'an nan ya auna abin da ya samu.

Ga misali. A tsakanin shekarar 1949 da 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau. Sunan tsohuwar Baba. Baba tana ba da labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa Mary tana rubutawa. Ta yi bayanin aure da suna da ƙawance, da zamanin bauta, da zuwan Turawa. A shekarar 1954 aka buga labarin da Ingilishi, da sunan *Baba of Karo*. Baba ta rasu tun kafin littafin ya fito. Da ba a tambaye ta ba, da duk abin da ta sani ya tafi tare da ita. Ku lura, Hausa ba harshen Mary Smith na gado ba ne. Koyonta ta yi, kamar yadda kuke koyo yanzu.

Mataki na farko: ku zaɓi ƙaramar tambaya

"Al'adun Hausawa" batu ne mai faɗi ƙwarai, ba za a iya gama shi a shafi uku ba. Wanda ya ɗauki irin wannan batu, dole ya koma ga kwafe. Ku rage batun har ya zama tambaya ɗaya wadda ku da kanku kuke son sanin amsarta.

A manyan garuruwan kudancin Nijeriya akwai unguwannin Hausawa. Akwai Sabo a Ibadan da Shagamu, akwai Agege da Idi-Araba a Legas, akwai Ama Hausa a Owerri. An kafa Sabon Ibadan a shekarar 1916, kuma cinikin goro da na shanu ne suka raya ta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar, ya wallafa littafi a kanta a shekarar 1969. To, ga irin tambayoyin da za ku iya yi game da unguwar da ke kusa da ku:

1. Daga waɗanne garuruwa mutanen unguwar suka zo, kuma wace sana'a ce ta kawo su?
2. Ta yaya albasa take zuwa kasuwarmu daga Arewa, kuma hannu nawa take bi?
3. Waɗanne kalmomi ne Hausa da harshenmu suka ara daga juna?

Mataki na biyu: ku yi karatu kafin ku fita

Littafi da intanet suna da amfani, domin su ne za su share muku hanya. A ce tambayarku a kan goro take. Karatu zai nuna muku cewa a da fatake suna tafiya da jakuna har Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, domin sayo goro. Daga baya noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, kuma daga shekarar 1912 jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano. Wannan ya sa 'yan kasuwa da yawa suka juyo kudu. Wanda ya san haka zai yi tambaya mai kyau idan ya isa wurin mai goro. Ku rubuta sunan kowane littafi da kuka duba, da sunan marubucinsa, da shekarar da aka buga shi.

Mataki na uku: ku je wurin mutane

Hausawa suna cewa, "Matambayi ba ya ɓata." Ku nemi izinin malaminku da na iyayenku, ku tafi ku biyu ko uku. Ku shirya tambayoyi biyar zuwa bakwai da Hausa. Kada ku je lokacin salla, ko lokacin da ciniki ya kankama. Bahaushe ba ya son a faɗa masa da tambaya ba gaisuwa, saboda haka ku fara da sallama. Ga misali:

Ɗaliba: Salamu alaikum, Baba. Barka da kasuwa.

Mai goro: Wa alaikumus salam. Barka kadai, 'yata.

Ɗaliba: Mu ɗalibai ne, muna koyon Hausa. Don Allah muna da 'yan tambayoyi game da sana'arku.

Mai goro: Madalla. Bisimilla, ku zauna.

Ku saurara fiye da yadda kuke magana. Idan wata kalma ta shige muku duhu, ku ce, "Baba, mene ne ma'anarta?" Ta haka za ku ji cewa ƙwarya ɗaya ta goro tana nufin goro 100, huhu kuma shi ne ƙunshin goro da aka naɗe da ganye. Za ku ji aikin dillali da la'adar da ake ba shi. Kada ku ɗauki murya ko hoto sai an yarda. Kada kuma ku tambayi mutum yawan ribarsa, domin rashin ladabi ne. In kun yi kuskure wajen magana, kada ku ji kunya. Galibi masu harshe suna murna da wanda yake ƙoƙarin koyon harshensu, kuma za su gyara muku.

Mataki na huɗu: ku auna abin da kuka samu

Maganar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba. Ku tambayi aƙalla mutum uku. Idan bayaninsu ya saɓa, ku rubuta duka, ku faɗi wanda kuka fi gamsuwa da shi da dalilinku. Haka kuma ku gwada abin da kuka ji da abin da ke cikin littafi. Misali, wani zai ce muku Yarbanci ya ari kalmar "albasa" daga Hausa. Ƙamus zai ƙara muku da cewa Hausa ma daga Larabci ta samo ta. Zai kuma nuna muku cewa "ashana" da "agogo" da "akawu" daga Yarbanci suka shigo Hausa. Ashe aron ba daga gefe ɗaya yake ba.

Mataki na biyar: ku rubuta, ku gabatar

Ku rubuta rahotonku da kalmominku, cikin gajerun jimloli. Ku fara da tambayar, ku faɗi hanyar da kuka bi, ku kawo abin da kuka gano, ku rufe da ra'ayinku. Kuna iya ƙarawa da taswira ko jerin sababbin kalmomi. Bayan kun karanta wa 'yan ajinku, ku koma wurin waɗanda suka taimake ku, ku yi musu godiya, ku karanta musu abin da kuka rubuta. Idan akwai kuskure, su ne za su fara ganinsa.

Muhimman kalmomi

- jinga: aikin da malami yake ba ɗalibi ya yi shi kaɗai ko cikin rukuni
- fatake: 'yan kasuwa masu tafiya mai nisa cikin ayari
- dillali: mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa
- la'ada: ladan da ake biyan dillali
- hujja: abin da yake tabbatar da gaskiyar magana

Auna fahimta

1. Me ya sa kwafe daga intanet ba ya amfanar ɗalibi?
2. Wace ce Baba, kuma wane darasi ne labarinta ya koya muku?
3. Ku kawo abubuwa uku da bai kamata mai bincike ya yi ba a lokacin hira.
4. Me za ku yi idan mutum biyu suka ba ku bayani mabambanta?

Jinga

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi tambaya ɗaya game da Hausawan da ke garinku, ya nuna wa malami kafin ya fita. Ku yi hira da mutum uku, ku rubuta rahoto na shafi biyu da Hausa, tare da sababbin kalmomi goma da kuka koya daga bakinsu. Za a gabatar da rahoton a aji bayan mako uku.