Haƙƙin Malami: Darasin Da Kullen Korona Ya Bar Mana

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Nijeriya saboda cutar korona, na boko da na Islamiyya, kuma galibinsu ba a koma ba sai wajen Oktoba. Azumin shekarar ma cikin kulle ya same mu. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, wasunmu malaman Islamiyya kuma muka riƙa tura karatu ta WhatsApp.

To amma fa abin bai zo da sauƙi ba. Gida mai yara biyar waya ɗaya ce, ita ma tana aljihun maigida. In an samu wayar babu kuɗin data, in an samu data babu wutar caji. Rediyo kuwa ba ya jin tambayar ɗalibi. Shi karatun Alƙur'ani daga baki ake karɓarsa, sai malama ta ji inda yaro ya fitar da harafi sannan ta gyara masa. Ni kaina da aka dawo na tarar da masu haddar izu biyu rabi ya zube, saboda rashin tilawa.

A lokacin ne uwaye da yawa suka gane nauyin da malami ke ɗauka. Wadda yara uku suka gagare ta na awa ɗaya, ta tuna da malamar da ke riƙe da aji guda kullum. Alhali malaman Islamiyya da yawa sun yi waɗannan watanni ba ko kwabo, domin ɗan abin da suke samu daga kuɗin watan da iyaye ke biya yake fitowa.

Mu tuna, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ilmantar da matan karkara daga nesa ta hanyar 'Yan Taru, amma jajis ta tura, mata masu ɗauke da karatun a bakinsu. Kayan aiki ba sa maye gurbin malami.

Saboda haka, 'yar uwa:

1. Ki tuna wa maigida kuɗin makaranta a kan lokaci, cikin ladabi. Haƙƙi ne, ba taimako ba.
2. Kada ki aibata malami a gaban ɗanki. In akwai ƙorafi, ki je ki same shi a makaranta.
3. Ki ware lokaci bayan Magariba ki saurari tilawar yara. In karatunki bai kai ba, ki shiga Islamiyyar matan aure.
4. Ki riƙa gaida malaman 'ya'yanki, kina sa su a addu'a.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.