Gurjiya: Tsiron da Ke Binne 'Ya'yansa a Ƙasa

Mutane da yawa na ɗaukar gurjiya, wadda wasu ke kira kwaruru, a matsayin ƙanwar gyaɗa, saboda duk su biyun a ƙarƙashin ƙasa suke 'ya'ya. Wannan kuskure ne. Gyaɗa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ita kuwa gurjiya 'yar gida ce, domin an samu irinta na daji yana tsirowa da kansa tun daga tsaunukan Jos da kewayen Yola har zuwa Garwa ta Kamaru. Dangantakarta ma ta fi kusa da wake, shi ya sa a shekarar 1980 masana suka mayar da ita cikin zuriyarsa da sunan Vigna subterranea.

Ɗalibi zai iya bambance su da ido. Kowane ganyen gurjiya ya rabu gida uku, na gyaɗa kuwa huɗu. Tsayinta ba ya cika wuce santimita 30, rassanta gajeru suna shimfiɗe a ƙasa.

Abin sha'awa yana wajen furenta, ɗan ƙarami mai ruwan ɗorawa da ke fitowa dab da ƙasa. Galibi shi yake barbarar kansa. Da zarar hakan ta auku, sai tsinken da ke ɗauke da shi ya ƙara tsawo, ya sunkuya, ya cusa ɗan kwanson cikin ƙasa, inda ƙwaya ɗaya ko biyu za su ƙosa, nesa da zafin rana da tsuntsaye. To amma tsinken ba shi da ƙarfin huda laka mai tauri, kuma kwanson kan ruɓe in ruwa ya kwanta. Don haka jigawa ce mazauninta, kuma manomin da ya tara mata ƙasa a gindi lokacin fure ya san abin da yake yi.

A saiwoyinta akwai 'yan ƙullutu da bakteriya ke zaune ciki, suna samar mata da nitrojin daga iska. Ita kan yi 'ya'ya a gonar da ta gaji, a kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. In ma aka cika mata taki, ganye take yi, kwanso ya ragu. Ƙwayarta na ɗauke da furotin kusan kashi 20 cikin ɗari.

Duk da haka, bincike a kanta bai kai ko kusa da na gyaɗa ba. Yawancin ire-irenta, fara da ja da baƙa da mai dabbare-dabbare, suna hannun mata manoma ne da ke ajiye iri daga damina zuwa damina, kuma wanda aka daina shukawa na iya ɓacewa.