Kwamfutar Baba Ta Ƙi Buɗuwa

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto cewa mahaifinta ya rasu ya bar kwamfuta a kulle, takardun filaye da hotunan iyali duk suna ciki.

Allah ya jiƙan Baba, 'yar'uwa. Kwamfutar nan tana cikin gado, don haka fara neman yardar sauran magada.

Kada ki bari mai gyara ya sake ɗora Windows, a nan aka fi tafka asara. Idan ba a rufe bayanan da BitLocker ba, zai iya ciro ma'ajiyar bayanan ya haɗa da wata kwamfuta, ya kwafe miki komai a gabanki. Idan kuwa an rufe, sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusun Baba na Microsoft. Duba wayarsa da littafin lissafinsa tukuna, ko ya ajiye mabuɗin ko kalmar sirrin asusun a can.