Darasi: Haƙƙin Ɗan Tsuntsu Bayan Ya Bar Sheƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya ke ciyar da dukan mai rai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wata halitta ƙarama wadda yara ke tsinta a gindin itace su ce marainiya ce, wato ɗan tsuntsun da bai daɗe da barin sheƙa ba. Za mu ɗauki misali da wani tsuntsu na Amurka ta Arewa, domin mutanen can sun daɗe suna kallon rayuwarsa a bayan gidajensu, har sun san kwanakinta dalla-dalla.

Na ɗaya: Wane ne wannan tsuntsu?

Sunansa bulubad, ma'ana shuɗin tsuntsu. Wanda ke zaune gabashin Amurka ya ɗara gwara girma kaɗan. Namijin bayansa shuɗi ne, ƙirjinsa kuwa ja-ja kamar jan ƙasa. Abincinsa ƙwari ne da tsutsotsi da ƙananan ƴaƴan itatuwa. Yana sheƙa cikin kogon itace, sau da yawa wanda wasu tsuntsaye masu sassaƙa da baki suka fafe suka bari.

A ƙarni na 20 yawansa ya ragu ƙwarai. An sassare tsofaffin itatuwa, kuma wasu tsuntsaye biyu da aka kawo daga Turai suka ƙwace masa koguna: gwarar Turai, wadda aka saki a birnin Niyu Yok a farkon shekarun 1850, da sitalin, wanda aka saki a wannan birni a 1890. A 1978 Dokta Lawrence Zeleny ya kafa ƙungiyar kare bulubad ta Amurka ta Arewa. Jama'a suka duƙufa ga kafa akwatunan katako masu ƙofa ta milimita 38, wadda bulubad ke shiga amma sitalin ba ya iyawa. Da ikon Allah, tsuntsun ya sake yaɗuwa.

Na biyu: Daga ƙwai zuwa tashi

Macen kan yi ƙwai 4 ko 5, ta kwanta a kansu wajen mako 2. Ƴaƴan kan fito tsirara, idanu rufe. Uwa da uba su yi ta jigilar ƙwari tun asuba har faɗuwar rana. Bayan kwana 16 zuwa 21, sai iyayen su tsaya waje suna kira, ƴaƴan su fito ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fita ba ya komawa.

To, a nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Ɗan tsuntsun ya bar sheƙa, amma bai iya neman abinci ba, fikafikansa kuma ba su yi ƙwari ba. Ƙirjinsa dabbare-dabbare ne, wutsiyarsa gajera. Iyayen kan janye su zuwa cikin ganyen dogayen itatuwa, su ɓoye su kwanaki, suna kai musu abinci can. Wannan reno yakan ci gaba wajen mako 3. Idan uwa ta koma yin sabon ƙwai, uba ne ke ɗaukar nauyin. Wani lokaci ma ƴaƴan fari kan taimaka wajen ciyar da ƙannensu. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da su wannan ba tare da malami ba!

Na uku: Ciyarwa da kallo

Masu kiwon ido a kan wannan tsuntsu sukan ajiye ƴar tasa mai santsin ciki, su zuba tsutsar dusa a ciki. Da farko iyayen kaɗai ke zuwa, su cika baki su tashi. Bayan kwanaki sai a ga sun taho da ƴaƴan. Ɗan ya sauka kusa da tasa, abinci na gabansa, amma sai ya buɗe baki yana kaɗa fikafikai yana kuka har uban ya ɗauka ya sa masa. Sannu a hankali yakan fara cira da kansa, har ya koyi dirowa daga reshe ya cafke fara a cikin ciyawa.

Ƙa'idojinsu uku ne. Ba a yawaita tsutsar, domin tana da ƙarancin sinadarin kalsiyom mai gina ƙashi. Ƙari ce kawai a kan abin da iyaye ke kamowa. Ana ajiye ruwa marar zurfi, ana sauya shi a kai a kai. Ana kallo daga nesa, kuma ana tsare kyanwa cikin ɗaki, domin waɗannan kwanaki su ne mafi haɗari a rayuwar ɗan tsuntsu.

Na huɗu: Abin da ya hau kanmu

Babu bulubad a ƙasarmu, amma gwara da kurciya da sauran tsuntsayen gidajenmu su ma suna ciyar da ƴaƴansu bayan barin sheƙa. Sau nawa ɗa ke tsintar ɗan tsuntsu, ya ɗaure masa zare a ƙafa, ya yi ta wasa da shi har ya mutu, alhali uwarsa na bisa reshe tana kuka, manya kuma na kallo ba su ce uffan ba?

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴaƴa biyu na wata ƴar tsuntsuwa, ta zo tana ta kaɗa fikafikai. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da ƴaƴanta. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Saboda haka wanda ya tsare kyanwarsa domin tsuntsaye, wajibi ne ya ciyar da ita.

Ga abin da za mu koya wa iyalanmu. Idan ɗan tsuntsu yana da gashi yana tsalle, a bar shi inda ya ke. In yana bakin hanya, a aza shi bisa reshe mafi kusa a ja da baya. Idan tsirara ne, a mayar da shi sheƙarsa. Taɓawar hannu ba ta sa iyaye su ƙi shi. Kada a ɗura masa ruwa a baki, domin yana iya shaƙewa. A ajiye kasko da ruwa a inuwa, musamman da bazara. A hana yara harbin tsuntsaye da danƙo don wasa. Malaman makarantun allo da iyaye mata su ne suka fi kowa damar isar da wannan.

Allah ya sanya tausayi a zukatanmu da na zuriyarmu, ya jiƙanmu kamar yadda muka ji ƙan halittunsa masu rauni. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.