DARASI: CUTAR BAKKALE, ƁARAWON CIKIN GARKE

 Darasinmu na wannan fitowa a kan bakkale ne, cutar da ke sa saniya ɓari. In ta kama mutum, a nan Sudan "zazzaɓin Malta" ake ce mata, domin a tsibirin Malta ne likita David Bruce ya gano ƙwayarta a 1887.

Yadda take shiga

Ƙwayar tana cikin ɗan da aka yi ɓarinsa, da mabiyiya, da ruwan haihuwa, da kuma madara. Saniya ta lashi wurin ko ta ci ciyawar da ta ɓaci, shi ke nan ta ɗauka. Galibi ɓarin yakan zo ne bayan wata biyar na ciki. Wata kuma gwiwarta ta kumbura, bijimi kuwa 'ya'yan marainansa. Amma fa da yawa ba sa nuna komai. Sai ka sayo karsana sumul a Muwailih, bayan Umdurman, ka kawo turkenka a Aljirif, ashe da cutar ka zo.

Abin lura daga Amurka

A gandun dajin Yellowstone an gano bakkale a jikin ɓaunar ƙasar a 1917. Masana sun ce daga shanun gida ta same su. Yau sama da shekara 100 ba a raba namun dajin da ita ba, har wani jinsin babbar barewa na maido ta cikin shanun makiyaya. To jama'a, shigarta sauƙi, fitarta wuya. Mu da ke haɗa shanun Darfur da na Chadi a mashaya ɗaya, ai mu ya fi kamata mu kula.

A jikin mutum

Zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin sauro ne. Ana kamuwa ta shan ɗanyar madarar saniya, akuya ko raƙuma, da cin ɗanyar hanta irin ta marara, da taɓa ɓari da hannu. Maganinsa iri biyu ake haɗawa, a sha mako shida cur.

Abin yi

1. Kafin a biya kuɗin saniyar kiwo, a sa likitan dabbobi ya gwada jininta.
2. Baƙuwar dabba a ware ta tukuna.
3. Ɓari da mabiyiya a binne da zurfi, a sa safar hannu, kada a bar wa karnuka.
4. A yi wa 'yan maruƙa mata allurar riga-kafi.
5. A tafasa madara.

Wadda gwaji ya tabbatar tana da ita, allura ba ta warkar da ita. Mahauta za a kai ta, tare da sanin likita. Sayar wa ɗan'uwa ita don kiwo cin amana ne.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, amin. Sai fitowa ta gaba.