Ciwon Nono Mai Daɗewa: Matsayin Maganin Ayurbeda da Lokacin Garzayawa Asibiti

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da kunya kan hana mata faɗa har sai sun yi nisa akwai ciwon nono. Mace kan ji zafi da kumburi, ta shafa magani, abin ya lafa, bayan 'yan makonni ya komo. A ƙasar Indiya mata da yawa kan nemi taimakon Ayurbeda, wato tsarin maganin gargajiyar ƙasar. Wannan darasi zai bayyana yadda ciwon ke samuwa, da abin da Ayurbeda ta ce a kansa, da inda taimakonta ya tsaya, da kuma alamomin da ke wajabta zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba.

Yadda Ciwon ke Samuwa

A cikin nono akwai rukunoni 15 zuwa 20 na ƙananan jakunkuna masu yin ruwan nono, kowane rukuni da hanyarsa da ta ɓulla a kan nono. Idan ruwan ya taru bai fita ba, naman da ke kewaye da hanyoyin kan kumbura ya matse su, sai wurin ya yi tauri da zafi. Wannan ya fi faruwa a makonnin farko bayan haihuwa. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake a nan: idan kan nono ya tsage saboda jariri bai kama shi daidai ba, ƙwayoyin cuta kan samu ƙofa. Wadda ta fi yin wannan ɓarna ita ce bakteriyar Sitafilokokus, wadda likita Alexander Ogston na Sikotilan ya gano cikin mugunya a 1880. In ba a yi magani ba, mugunya kan taru wuri guda ta zama ƙurji.

Ciwon da ya ƙi ji, ko yake tafiya yana dawowa, yana da dalilai dabam-dabam. Na farko, ƙurjin da ba a fitar da mugunyarsa duka ba. Na biyu, kumburin hanyoyin da ke ƙarƙashin kan nono, wanda kan sami matan da ba su shayarwa, musamman masu shan taba, har wata 'yar kafa ta ɓulle tana tsiyayar ruwa. Na uku, tarin fuka, domin ƙwayar tibi kan zauna a nono, kamar yadda Astley Cooper na Ingila ya bayyana a 1829, kuma an fi ganin haka a Indiya da ƙasashen Afirka. Na huɗu, wani kumburi mai ƙulle-ƙulle da Kessler da Wolloch suka siffanta a 1972, wanda kan sami mace 'yan shekaru bayan haihuwa. Ciwon suga da raunin garkuwar jiki su ma kan sa ciwo ya daɗe.

Abin lura shi ne, duk waɗannan a ido kamarsu ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban. Tarin fuka na buƙatar haɗin magunguna na aƙalla wata 6. Ƙurji na buƙatar a zuƙe shi. Kumburi mai ƙulle-ƙulle kuwa wani lokaci maganin rage kumburi yake so. Ashe ke nan gane cuta shi ne farkon magani.

Abin da Ayurbeda ta Ce

Kalmar Ayurbeda daga harshen Sanskirit take, ma'anarta ilimin rayuwa. Manyan littattafanta na dā su ne Charaka Samhita da Sushruta Samhita. A bisa koyarwarta, lafiya ta dogara ne kan daidaiton sinadarai uku da ake kira wata da pitta da kafa, cuta kuwa gocewar wannan daidaito ce. Kimiyyar zamani ba ta tabbatar da samuwar waɗannan sinadarai ba, kuma an yi wannan bayani ne tun kafin a san ƙwayoyin cuta.

Duk da haka, magabatan Ayurbeda masu lura ne ƙwarai. Littafin Sushruta ya yi bayanin ƙurjin nono, ya kasa kumburi gida uku: ɗanye, da mai nuna, da nunanne. Ya yi umarni da a riƙa fitar da ruwan nono, kuma idan ƙurji ya nuna a tsaga shi, tare da kauce wa hanyoyin ruwan nono da kan nono. Wato ita kanta Ayurbeda ta asali ba ta yarda a bar mugunya a jiki ana shafe-shafe ba.

A yau Indiya tana da ma'aikata ta musamman mai kula da magungunan gargajiya, mai suna AYUSH, wadda aka kafa a 2014. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyar nazarin maganin gargajiya a garin Jamnagar na jihar Gujarat, domin a auna irin waɗannan magunguna da ma'aunin kimiyya.

Inda Taimakon ya Tsaya

Masu Ayurbeda kan ba da shawarar hutu, da abinci mai sauƙin narkewa, da tsabta, da kwanciyar hankali. Duk wannan yana da amfani ga mai jinya. Sukan kuma yi aiki da tsirrai irin su kurkum da hulba da darbejiya, itaciyar da asalinta daga yankin Indiya aka kawo mana ita. A ɗakin gwaji an ga wasu sinadaran kurkum da darbejiya suna hana bakteriya yaɗuwa. Sai dai abin da ya yi aiki a kwanon gwaji ba lalle ne ya kai ga mugunyar da ke can cikin nama ba, kuma babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya nuna waɗannan tsirrai suna warkar da ƙurjin nono ko tarin fuka ko sankara.

Akwai kuma haɗari. Wani reshe na Ayurbeda kan haɗa magani da tokar ƙarafa. A 2004 Robert Saper da abokan aikinsa sun auna magungunan Ayurbeda 70 da suka saya a shagunan Boston ta Amurka, suka sami dalma ko zaiba ko arsanik a cikin 14, wato ɗaya cikin biyar. Wanda ya tuna annobar gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara, ya san abin da wannan ke nufi ga jariri, domin dalma kan bi ruwan nono. Haka kuma man darbejiya guba ne ga jarirai, saboda haka bai kamata a shafa shi inda yaro zai sa baki ba. Duk wadda ke shan wani maganin gargajiya ta faɗa wa likita, don kada ya yi karo da na asibiti.

Alamomin Gaggawa

A tafi asibiti a ranar idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi da ya kai digiri 38.5 tare da rawar sanyi. Ja ko kumburi mai bazuwa da sauri. Ƙullutu mai taushi da ke nuna taruwar mugunya. Jini ko mugunya daga kan nono. Ko rashin sauƙi bayan awa 24. Idan kuwa bugun zuciya ya yi sauri, numfashi ya yi sama-sama, ko mai jinya ta fara ruɗewa, to cutar ta shiga jini, kuma rai na cikin haɗari a cikin awoyi.

Akwai wata sankarar nono da kan yi shigar burtu, ta zo da siffar ciwon ƙwayoyin cuta. Nono kan kumbura ya yi nauyi da ɗumi, fatarsa ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, sau da yawa ba tare da ƙullutu ba. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu. Tana yaɗuwa cikin makonni ko 'yan watanni. Don haka duk kumburin da bai ji maganin kashe bakteriya ba cikin mako 1 zuwa 2, ko ya sami macen da ba ta shayarwa, dole a bincike shi.

Aikin Asibiti

Likita kan duba nono da hammata, ya ɗauki hoto da na'urar da ake duban ɗan tayi da ita, ya aika da mugunya ɗakin gwaji don a san ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Ƙaramin ƙurji da allura ake zuƙe shi, babba kuwa a tsaga. Idan ciwo ya daɗe, akan ciro ɗan ƙanƙanin nama a duba da madubin ƙara girma, domin ta haka ne ake rarrabe tibi da sankara da sauran kumburi. Shawarar masana shayarwa ta 2022 ita ce a ci gaba da ba jariri nono gwargwadon buƙatarsa, a ɗora abu mai sanyi, a guji murza da ƙarfi da yawan tatsa. Nonon bai lalace ba, kuma yaye na farat ɗaya ƙara taruwar ruwa yake yi.

Kammalawa

Hutu da abinci mai kyau da kulawar dangi taimako ne, amma ba su fitar da mugunya, ba su kuma gane sankara. Ɗalibin da ya karanta wannan ya isar da shi gida, ga uwa da yaya da gwaggo. Malamai kuma su tambayi ɗalibai a aji: me ya sa ciwo huɗu masu kama ɗaya ke buƙatar magani huɗu dabam? Amsar ita ce dalilin da ya sa ba a jinkirta zuwa asibiti.